Ƙyauren Ɗakin Mai Ɗinki

Kafinta yana ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan keke zai fita, sai mai gida ya shigo yana karkaɗa makullin mota. Auta ake ce masa a bayan ido, don shi ne ƙarami a 'ya'yan marigayi mai gidan, kuma shi wannan gidan hayar ya faɗo wa a rabon gado. A gaban ido kuwa Yallaɓai ne.

"Kafinta, zo mana. Ɗan ƙaramin aiki ne."

Ya ja shi gefe, ya nuna ɗakin farko da leɓe, wanda bayansa ke kallon titi. Ciki da falo ne. Mai Ɗinki ce a cikinsa, ita da mahaifinta Baba Direba, tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi sai an tashe shi.

"Ƙyauren can gara ta cinye shi. Cire min shi a kai sito, sai an samu katako a yi sabo."

Kafinta ya dubi ƙyauren. Shi ya yi shi da hannunsa tun marigayi yana raye, da katako mai tauri wanda ƙusa ma sai ta yi gardama kafin ta shige shi.

"Yallaɓai, ai ni ban ga wata gara..."

"Kai ne mai gidan ko ni?" Auta ya faɗa yana dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Ka san abin da zan yi da ɗakin nan? Bangon titi zan fasa, shaguna biyu su fito. Kanta, silin, ƙofofi, wa kake jin zan ba? Ko so kake in nemo wani daga waje kana zaune?"

Babu wanda bai san maganar ba a gidan. Auta ya ce wa Mai Ɗinki ta tashi a ƙarshen wata. Ita kuma ta ce hayar shekara ta biya, shekarar ko rabi ba ta yi ba, kuma ko da ta cika akwai wa'adin da doka ta ba ɗan haya ya nemi wuri. Auta ya ce to, shi bai iya doka ba, amma za a gani.

Kafinta ya tuna rabonsa da babban aiki. Ya tuna matarsa da tsohon cikinta. Ya sauke jakar daga keken.

Mai Ɗinki ta tafi kasuwa sayen zare, saboda haka da ya yi sallama tsohon ne ya amsa daga kan katifa, bakinsa a ɗan karkace.

"Wa ke nan? Kafinta? Shigo, ɗana."

"Baba, ƙofar za a ɗan gyara."

"Madalla. Dama tana ƙara idan an buɗe. Ka ga yaron nan Auta ya ɗauko halin ubansa, ba ya barin abu ya lalace."

Kafinta ya buɗe jakar kayansa. Ya sunkuyar da kai ya kama kwance ƙarafunan da ke riƙe da ƙyauren. Aikin bai ɗau lokaci ba. Da ya saɓa shi a baya zai fita, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka, ya sauki iyalinka lafiya."

Kafinta ya fice da sauri. Ya kai ƙyauren sito, Auta ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Da la'asar ya dawo ya tarar da ita tsaye a bakin ɗakin, ledar zare a hannu. Mace ce mai ɗan jiki, ta girme shi, ba ta da hayaniya. Ita ta ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta, kuma sau da yawa takan ce a bar kuɗin sai an samu.

"Ƙanena, an ce kai ka cire."

"Yaya, aiki aka sa ni. Gyara ne."

"Me ya same shi?"

Ya dubi tayar kekensa. "An ce gara."

"An ce." Ta gyaɗa kai. "To yaushe za a mayar?"

"Sai an samu katako."

Ta shiga ta ɗauko wani tsohon zanin gado, ta roƙe shi ƙusa biyu. Ya ba ta, ya ce bari ya kafa mata. Ta ce ya bar shi, ta iya. Da dutse ta buga su.

A ɗaki matarsa ta ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

"Baban yara, da hannunka?"

"In ban cire ba wani zai cire. Gara ni, na cire shi a hankali, ban fasa komai ba."

"Oho. Ashe taimakonsu ka yi."

"Ke kin san ba a zama cikin ruwa a yi gaba da kada. Mu ma a ɗakinsa muke."

Ta ce ta sani. Ta juya ta ci gaba da ninke kayan jarirai.

Labule ba ƙofa ba ne. Iska kaɗan ce za ta ɗaga shi, duk wanda zai shiga gidan ko zai fita sai ya ga cikin falon, don ɗakin a bakin hanya yake. Ana ganin keken ɗinki, ana ganin katifar tsohon, ana ganin robar da ake goge masa jiki da ita. Kajin gidan suka mai da wurin hanya. Yara sukan tsaya su leƙa lokacin da take canza masa kaya, sai ta daka musu tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga baya ta ja katifar zuwa uwar ɗaki inda babu taga mai kyau, tsohon ya koma kwana da wuni cikin zafi.

Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya. Wace mace ce za ta cire mayafi a auna ta, ko ta gwada riga, alhali labule na tashi maza na wucewa? Wata ta zo ta karɓe yadinta ba a ko yanka ba, tana ba da haƙuri. Mai Ɗinki ba ta iya zuwa ko'ina ta daɗe, domin babu abin da za ta kulle. In za ta fita sai ta kwance kan keken ɗinkin ta kai ɗakin matar Kafinta ajiya, ta dawo ta sake ɗaurawa.

Kafinta ya koma fita da sassafe, kansa a ƙasa. Amma duk sammakonsa, tsohon yakan ji ƙarar sarƙar keke ya ɗaga murya daga ciki.

"Kafinta, an samu katakon kuwa?"

"Ana nema, Baba."

"To, Allah ya kawo. Katako ya yi tsada yanzu, na sani."

'Yan gidan kowa da abin da ya riƙe. Mai gyaran waya ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, tunda an ce ka tashi ai sai ka tashi, taurin kai ba ya kai mutum ko'ina. Matar mai gadin banki ta ce abin da tausayi, amma ita mijinta ya hana ta shiga abin da babu ruwanta. Mahaifiyar Auta, da Mai Ɗinki ta je har gida ta durƙusa a gabanta, cewa ta yi, "'Yar nan, yaran yanzu ba sa jin magana. Tunda aka raba gado na zare hannuna. Ki yi haƙuri, haƙuri ba ya ɓaci." Ta sa aka kawo mata ruwan sanyi, ta rako ta har bakin ƙofa.

Shi kuwa Auta, duk wanda ya taɓa masa zancen sai ya buɗe hannuwa. "Na kore ta? Na taɓa mata ko tsinke? Gidan ubana ne, gyara nake yi. In gyaran ya dame ta, ai ba ɗaure ta na yi ba."

Da ya ga labule bai tashe ta ba, sai ya sake zuwa, wannan karon da sababbin kwaɗuna biyu a leda. Ya riga ya ba Kafinta kafin alƙalami na aikin shaguna, katako ma an sauke a tsakar gida.

"'Yan waje suna shigowa suna ɓata mana banɗaki, suna kwashe ruwa. Sa min wannan a banɗakin, wannan kuma ka yi wa famfo akwati ka rufe."

Kafinta ya dubi kwaɗunan. Ya san inda aka dosa. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kafa ƙarfen kwaɗon, ya haɗa akwatin famfon da guntayen katako, har da goge bakinsa don kada ya soki hannun yara.

Auta ya bi ɗaki ɗaki yana raba makullai. Ya tsallake ɗakin farko.

"Yallaɓai, namu fa?" in ji Mai Ɗinki.

"Ai sun ƙare. Za a yanko." Ya juya ga sauran ya ɗaga murya. "Kuma duk wanda ya ba da aron nasa, ya san ya ba da ɗakinsa ne."

Matar Kafinta ba ta bi wannan gargaɗin ba. Takan ajiye makullin a ƙarƙashin turmi ta yi tari, Mai Ɗinki ta zo ta ɗauka. Ba a daɗe ba wani ya kai tsegumi. Auta ya kira Kafinta a waya ya tambaye shi ko ya fara neman wani ɗakin ne, tunda matarsa ta fi ƙarfinsa. Ranar Kafinta ya karɓe makullin ya sa a aljihun wandonsa, ya ce duk mai buƙata a ɗakinsu ya tambaye shi. Matarsa ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Har ni sai na roƙe ka in zaga?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Allah ya ba ka ladan gadin masai," ta ce.

Daga nan Mai Ɗinki ta koma sayen ruwa a wurin masu turawa a kura. Ita kanta takan tafi banɗakin kasuwa na kuɗi. Tsohon kuwa sai fo, ta juye a bokiti mai murfi, ta rufa tsumma a kai, ta ɗauka ta bi titi da shi, ta gaban mai shayi da masu gyaran babur, har bayan kasuwa. Takan sa mayafi ta rufe rabin fuskarta. Wata rana suka yi kaciɓis da Kafinta a bakin gida, ta matsa gefe da bokitin don kada ya taɓa shi, ta ce, "Yi haƙuri." Ya rasa inda zai sa idonsa.

Tsohon ya daina tambayar katako. Ya gane. Sai kuma ya fara ture kwano. Ta bango Kafinta yakan ji su.

"Baba, ko loma biyu ka ƙara."

"Na ƙoshi, uwata."

"Tun jiya ba ka sha ruwa ba."

"Ba na jin ƙishi. In na sha, ke ce da ɗauka."

"Ni na ce maka na gaji?"

"Ba ki ce ba. Ina da ido."

Kafin wani lokaci wuyansa ya zama kamar na tsuntsu, leɓɓansa suka tsattsage.

Wata mai kawo ɗinki ce ta nuna wa Mai Ɗinki ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ta daɗe tana jan ƙafa, don a ganinta kotu wurin tonon asiri ne, kuma mahaifinta ya ce ba zai so a ce ya yi ƙarar ɗan amininsa marigayi mai gidan ba. Da ta ga yana ƙarewa a gabanta sai ta tafi. Lauyar, wata matashiya mai farin gilashi, ta zo gidan da kanta. Ta dubi labulen, ta dubi kwaɗunan, sannan ta tsaya a tsakar gida ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Gida nasa ne, babu mai musu. Amma muddin ya karɓi haya, ɗakin nan hakkinta ne har wa'adinta ya cika, da ƙofarsa da ruwansa da banɗakinsa. In yana son ɗakinsa, ya ba ta sanarwa, in ta ƙi ya je kotu. Doka ba ta yarda mai gida ya fitar da mutum da hannunsa ba, ko ya ƙuntata masa har ya gudu. Abin da nake buƙata shaida ne. Zai ce gyara yake yi. Wa zai faɗi abin da ya gani?"

Mai gyaran waya ya tuna yana da kwastoma. Matar mai gadi ta ce tukunyarta na ƙonewa. Tsakar gida ta watse, ya rage Kafinta a kan bencinsa yana goge katako.

"Malam, an ce kai ka cire ƙyauren. Gara ta ci shi?"

Mai Ɗinki tana tsaye a bayan lauyar. Ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take yi.

"To... katako ne, ranki ya daɗe. Ba a rasa ɗan abin da ba a rasa ba."

"Ta ci ko ba ta ci ba?"

"Akwai alama ta ƙasa," ya ce.

Lauyar ta rufe jakarta. Ta ce za ta shigar da ƙarar duk da haka, amma ba shaida abin zai ja lokaci. Mai Ɗinki ta raka ta waje. Da ta dawo ta wuce shi kamar bencin ne kawai a wurin.

Ranar da abin ya faru rana ta take, Mai Ɗinki ta tafi ofishin lauyar. Auta ya zo da magini suna auna bangon ɗakin, Kafinta yana yanka katakon kanta, mata suna bakin murhu. Sai labulen ya motsa. Baba Direba ne ya fito da jan ciki, yana dogara gwiwar hannunsa mai lafiya, yana jan sauran jikin a baya. Ya ɗora hularsa a kai kamar mai zuwa unguwa. Bai so 'yarsa ta dawo ta tarar da abin ɗauka ba.

Babu wanda ya motsa. Ya ratsa tsakar gidan a hankali, simintin na ƙona shi, yana tsayawa yana haki. Da ya kai bakin banɗakin ya ɗaga hannu ya taɓa kwaɗon, sannan ya juyo.

"Kafinta. Ɗana. Taimake ni da makulli."

Kafinta ya ajiye zarto. Hannunsa ya shiga aljihu, ya kama makullin.

Auta ya yi gyaran murya. "Baba, ai gyara ake yi a ciki. Koma ɗaki abinka." Idonsa yana kan Kafinta.

"Ɗana, ka yi sauri," in ji tsohon, muryarsa na rawa.

Makullin yana cikin tafin hannunsa, yana jin haƙoransa na sukar fatarsa. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar. Ya dubi Auta, ya dubi katakon da aka sauke, ya sake duban Auta, yana jiran ko zai ɗan gyaɗa kai. Yana cikin wannan jiran ne ya ga tsohon ya runtse ido, ya ga danshi yana bin wandonsa yana malala a kan siminti.

Baba Direba bai yi kuka ba. Ya ja hularsa ya rufe fuskarsa da ita.

Magini ya yar da abin awonsa ya fice daga gidan. Matar Kafinta ce ta taso da cikinta, ta fizgo zani daga igiyar shanya ta lulluɓe tsohon.

"Kun gani ko?" in ji Auta. "Abin da nake faɗa ke nan. Gidan mutane ba asibiti ba ne."

"Yallaɓai," in ji ta, ba ta ko juyo ba, "wannan tsohon ya goya ka a kafaɗa. Fita ka ba mu wuri." Sannan ta dubi mijinta. "Kai kuma me kake jira? A buga maka waya?"

Ya buɗe kwaɗon. Ya sunkuya ya ɗauki tsohon, ya ji shi sakayau kamar damin kara. Ya shigar da shi, ya ɓalle akwatin famfon da guduma ya tari ruwa, ya wanke shi da hannunsa. Tsohon bai cire hular daga fuskarsa ba har aka gama. Magana ɗaya ya yi, ta cikin hular.

"Kada a gaya wa uwata."

Amma gidan haya ba ya riƙe magana. Kafin ta ajiye mayafinta ta ji komai.

Ranar zaman kotu babu wanda ya kira Kafinta. Shi ya sa rigarsa ya tafi, ya sami lauyar a baranda ya ce yana da magana. Da aka tsayar da shi, alƙalin ya dube shi ta saman gilashi.

"Gara ta ci ƙyauren?"

"Ba ta ci ba, ranka ya daɗe."

"Wa ya cire shi?"

"Ni."

"Wa ya sa kwaɗo a banɗaki da famfo?"

"Ni ne."

"Ka san dalilin da ya sa aka ce ka yi?"

"Na sani tun ranar farko."

Auta ya tashi yana cewa shi bai taɓa korar kowa ba, kuma ko guduma bai iya riƙewa ba. Alƙalin ya ce ya zauna. Ya yanke cewa a mayar da ƙyauren a ranar, a cire kwaɗunan, Mai Ɗinki ta zauna har hayarta ta cika, bayan nan ma sai an ba ta sanarwa yadda doka ta tsara, kuma Auta ya biya ta diyyar abin da ta yi asara. Shari'ar ba ta kai tsawon lokacin da ake ɗauka a yanka katakon kanta ɗaya ba.

Da yamma Kafinta ya mayar da ƙyauren. Yana gama ɗaure shi tsohon ya ce a rufe. Daga ranar bai yarda an sake buɗe shi ba sai in 'yarsa za ta shiga ko za ta fita. Ba ya son a gaishe shi. In ya ji muryar matan gidan sai ya juya fuskarsa bango. Abinci ya ɗan koma ci, amma magana ɗaya yake nanatawa: a kai shi inda ba a san shi ba.

Saboda haka Mai Ɗinki, da hukuncin kotu a hannunta da sauran watanninta a gaba, ta nemi wani ɗaki ƙwaya ɗaya a can ƙarshen gari, nesa da duk masu kawo mata ɗinki.

Da safe motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan gidan suka fito, kowa yana neman abin da zai ɗauka. Mai gyaran waya ya ɗauki katifa, matar mai gadi tana share hawaye tana cewa gidan zai yi musu faɗi. Kafinta ya kai hannu zai ɗaga keken ɗinki.

"Bar shi, ƙanena," in ji Mai Ɗinki. "Ka yi mana aiki da yawa."

Ya janye hannunsa. Ita da yaron mota suka ɗaga.

Gaskiyarta a fili take tun ranar farko, kuma babu wanda bai san haka ba a gidan. Doka tana nan, alƙali yana nan, ba su ɓuya ba. Auta kuma bai yi ƙarya ba da ya ce bai iya riƙe guduma ba. Duk abin da aka yi wa ɗakin nan, da hannun ɗan haya aka yi shi, sauran 'yan haya suna kallo, kowa yana lissafin rufin da ke kansa. Kafinta ya faɗi gaskiya a ƙarshe, har wasu suna yaba masa a bakin titi, amma shi ya san a lokacin da ya faɗe ta babu sauran abin da za ta tsare.

Tsohon aka fito da shi daga ƙarshe, lulluɓe da mayafin 'yarsa har ka, aka zaunar da shi a gaban mota. Direban ya tada inji. Sai hannun nan mai lafiya ya fito ta taga yana yafito.

"Kafinta yana nan?"

Ya matso. "Ga ni, Baba."

Tsohon ya ɗan janye mayafin, ido ɗaya ya bayyana. Ya yi ƙasa da murya don kada sauran su ji.

"Ɗana, ranar nan na ɓata maka riga. Ban samu na ba ka haƙuri ba. Ka yafe mini."

Motar ta ja, ta bar Kafinta tsaye a bakin kwata, hannuwansa biyu a sake.